Ƙarfen da ke Goshin Motar Baba

Abokan aikina a wannan sashe sun daɗe suna yi mini ba'a a kan wata ɗabi'a tawa. Duk wanda ya shigo ofishina zai tarar da kantar littattafai irin ta kowane malamin adabi, amma in ya sunkuya ya dubi layin ƙasa, sai ya ga tsofaffin mujallun motocin tsere a jibge, wasu ma bangonsu ya yage, irin waɗanda akan tsinta wajen masu gwanjon littattafai a bakin titi. Alhali kuwa kowa ya san motar da nake hawa, kuma ya san tafiyar hawainiyar da nake yi da ita, har ɗalibai masu babur kan wuce ni suna murmushi. In an tambaye ni dalili, nakan ce sha'awa ce kawai. Ba gaskiya na faɗa ba. Shekara da shekaru na yi ina bin waɗannan mujallu domin neman amsar tambaya guda, wadda ta samo asali daga wasu guntayen ƙarfe biyu da na sayar a Kafanchan a daminar 1994, ina da shekara 14 a duniya.

Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Wanda ya san Kafanchan ya san cewa dogo ne ya raine ta, domin tun 1927 ta zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal da wanda ya nufi Kaduna da kuma reshen da ya hau Jos. Dogon ne ya tara mana Bajju da Fantswam da mutanen Kagoro da Hausawa da Ibo da Yarabawa a unguwa ɗaya, kowa da harshensa a cikin gida, Hausa kuma a bakin famfo. A irin wannan unguwa, mai mota ba ƙaramin mutum ba ne. Tamu Volkswagen ce mai doro, wadda muke kira Bitil, maƙwabtanmu Yarabawa kuma su ce mata ijapa, wato kunkuru. Daga masana'antar da aka buɗe a Ikko a 1975 ta fito, Baba kuma ya saye ta a hannun wani malamin makaranta, bayan ta riga ta sha duniya.

Abin da ya fi ba yaran unguwa mamaki game da ita shi ne komai nata a juye yake. In ka ɗaga bonet kana neman inji, sai ka tarar da safaya da tankin mai da ɗan wurin zuba kaya. Injin yana can baya, a bayan tayoyin baya ma, yana ƙara kamar keken ɗinki, ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi. A cikin wannan ɗan wurin kaya na gaba Baba ya ajiye guntayen ƙarfen dogo guda biyu da ya saya wajen 'yan gwangwan, kowanne bai fi kamu ɗaya ba, ya naɗe su da tsohon buhu, ya ɗaure da waya kusa da safaya. Biyun za su yi kilo 30. Na taɓa tambayarsa amfaninsu. Da yake ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana, kuma ba ya doguwar magana da ni. Sai ya ce, "Kai, ba ka taɓa ganin mai jaki ya sa dutse a mangala ba? In gefe ɗaya ya rinjaya, ai sai a nemo wa ɗayan abokin nauyi." Iyakar bayanin da na samu ke nan, ni kuwa na ɗauke shi a cikin camfe-camfen tsofaffi, tare da faɗan da yakan yi da masu faci duk lokacin da suka cika wa tayoyin gaba iska daidai da na baya.

A shekarun nan ne littattafan soyayya na Kano, waɗanda daga baya masana suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, suka fara isowa garinmu a cikin jakunkunan 'yan tireda. Na kamu da su kamu mai tsanani. Kuɗin haya ya fi ƙarfina, balle na saye. Wata Asabar Baba ya tafi aiki da keke, domin a lokacin ma'aikatan man fetur suna yajin aikin da suka fara a watan Yuli kan rikicin zaɓen 12 ga Yuni, mai ya yi wuya, mota kuma ta kwana biyu a ƙarƙashin mangwaro. Na ari baro, na kwance wayar, na ɗauke guntayen nan ɗaya bayan ɗaya, na cusa tsumma a cikin buhun domin ya yi tudu, na mayar da bonet na rufe. Kuɗin da maƙeri ya ba ni ya sayi littattafai uku. A raina na ce, ƙarfen da ba ya juyawa, ba ya ƙara, ba ya haske, wa zai san babu shi?

Bayan mako biyu tafiya ta kama mu zuwa Jos, domin ƙanwata tana da ranar ganin likita, kuma ba a ɗaga irin wannan rana. Baba ya sayi galan biyu da tsada wajen 'yan bumburutu, ya zuba ta murfin da ke gefe, bai buɗe bonet ba. Muka bi ta Kagoro, dutsen nan yana gefenmu ya yafa hazo, muka wuce Manchok, muka hau tudun Filato ta Ganawuri da Vom. Lafiya lau muka je. A dawowa Inna ta sayi buhun dankalin Turawa, ana yayyafi, kowa yana sauri, sai aka tura shi a ramin da ke bayan kujerar baya, wato kusan a kan injin. Ita da ƙanwata suna baya, ni ina gaba kusa da Baba. Allurar mai ta kwanta. Da muka fara gangarowa zuwa Manchok ruwa ya kece.

Abin da ya faru bai ɗauki lokacin da za a karanta wannan sakin layi ba. Wata kwana ce ta hagu, ba ma mai tsanani ba. Baba ya murɗa sitiyari, motar ta yi kamar ba da ita ake ba, goshinta ya miƙe ya nufi bakin hanya. Na ji ƙarar injin ta faɗi, alamar ya ɗaga ƙafa daga totur. Nan take goshin ya cafki kwalta, sai kuma bayan motar ya taso ya zagayo mu, kamar an kama ta a hanci an wulwula. Na ga hanyar da muka baro ta gilashin gaba. Daga nan sai ciyawa, sai sama, sai ƙarar gilashi. Mun kwanta a kan gefe cikin wani kwari mai taɓo. Mutanen da ke dawowa daga gona ne suka fid da mu. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Inna ta fashe a goshi. Hannun ƙanwata na dama ya karye a wuri biyu, kuma duk da ɗorin da aka yi, har yau ba ya miƙewa sosai, da hagu ta koyi rubutu. Motar kuwa da aka janyo ta gida ba ta sake tashi ba.

Babu wanda ya yi maganar ƙarfe. Mutane suka ce santsi ne, wasu suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wani bakanike ya ce ai kunkuru dama haka take, ba ta son ruwa. Ni kaɗai na san abin da ke cikin buhun nan. Tambayar da na ɗauka tun daga ranar ita ce: da ƙarfen yana nan, da mun faɗa kwarin? Ba zan iya kai ta wurin bakanike ba, domin zai tambaye ni dalili. Sai da na shiga jami'a na gane cewa akwai wasu mutane a duniya da ba su da aiki sai muhawara a kan inda ya kamata inji ya zauna a jikin mota, wato masu ƙera motocin tsere da masu rubutu a kansu. Wurinsu na tafi almajiranci a ɓoye.

Darasin farko da na koya ya ƙasƙantar da ni. Duk girman mota, abin da ya haɗa ta da ƙasa wurare huɗu ne, kowanne bai fi tafin hannu ba. Taya kuwa ba ta kama kwalta sai gwargwadon nauyin da ya danne ta. Tayar da aka sauke wa nauyi ta zama kamar takalmin wanda ya ɗaga ƙafa, tana taɓa ƙasa amma ba ta riƙe komai ba. Sa'an nan nauyin nan ba ya zama wuri ɗaya. In ka taka birki, ko ka ɗaga ƙafa daga totur, sai ya tuttulo gaba. In ka ba da wuta sai ya koma baya. In ka shiga kwana sai ya kwanta a kan tayoyin waje. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ruwa a faranti ya san wannan a hannunsa. Saboda haka tuƙi, a wurin waɗannan mutane, rabon nauyi ne tsakanin tayoyi huɗu, kuma inji, da yake shi ne gunduma mafi nauyi a jikin mota, inda aka ajiye shi ne ke yanke yadda rabon zai fara.

In aka sa shi a gaba, motar takan zama mai haƙuri. Misalin da duk ɗan Arewa ya sani shi ne Fijo 504, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna tun daga shekarun 1970 har cikin shekarun 2000: inji a gaba, tayoyin baya ke turawa. Kibiya ce mai nauyin kai, inda kan ya nufa nan jikin ke bi. In ka shiga kwana da gudun da ya wuce kima, goshin ne zai fara zamewa waje, kuma abin da tsoro zai sa ka yi, wato ɗaga ƙafa, shi ne maganin abin, domin gudu ya ragu, tayoyin gaba su sake kamawa. Ba banza ba 504 ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, ta sake lashewa a 1978, a kan hanyoyin da ba su fi namu kyau ba. Amma ko ita ana iya lalata mata hali. Na sha ganin a-kori-kura ta taso daga Kwoi ko Kachia da buhunan busasshiyar citta an jera har sun leƙo bayan bodi, fitilunta suna haska rassan bishiya maimakon hanya. Direban irin wannan mota, ko da injinsa yana gaba, ya riga ya mayar da ita kunkuru bai sani ba, kuma a Hawan Kibo ake gane haka.

In kuwa aka sa injin a can baya, labari ya sauya. A nan ne na yi karo da sunan da ya sa gabana ya faɗi. Ferdinand Porsche, Bajamushen injiniyan da ya tsara Bitil a shekarun 1930, shi ne kakan gidan da ya fito da Porsche 911, wadda aka fara nunawa a Frankfurt a 1963, kuma har yau ana ƙera ta da inji a bayan tayoyin baya. Ashe motar Baba da motar da attajiran Turai ke tinƙaho da ita 'yan ɗaki ɗaya ne. A irin wannan tsari kusan kashi 60 cikin 100 na nauyi yana kan tayoyin baya. Yana da amfaninsa, kuma ba kaɗan ba. Tayoyin da ke turawa su ne a danne, shi ya sa Bitil kan haye taɓon da Fijo ke kafewa a ciki, abin da Baba ke alfahari da shi duk damina. In an taka birki kuma, nauyin da ya tuttulo gaba yakan sa tayoyi huɗun su yi aiki kusan daidai. Illar tana cikin kwana. Ka ɗauki gatari ka jefa shi da ƙota a gaba, ka ga ko ruwan gatarin ba zai juyo ya wuce ƙotar ba. Nauyin da ke baya kullum yana neman hanyar da zai zama shi ne a gaba, abin da ke hana shi kawai shi ne riƙon tayoyin baya. Ranar da ka ɗaga ƙafa a tsakiyar kwana, ka sauke wa tayoyin nan nauyi a daidai lokacin da suka fi bukatarsa. A mota irin wannan, abin da tsoro ke umartar ka da shi shi ne abin da zai kashe ka. Gwanayen 911 sukan rage gudu tun kafin kwana, su shiga a hankali, su fita da wuta, ƙafa ba ta barin totur. Ga Bitil irin tamu kuma akwai ƙarin wata matsala: yadda aka rataya tayoyinta na baya, in bayan ya ɗaga, tayar waje takan lanƙwashe ta shige ƙarƙashi, motar ta yi tuntuɓe da ƙafarta.

Wata rana da dare, ina shekarar ƙarshe ta digirin farko, na karanta abin da ya hana ni barci. A tsakiyar shekarun 1960, da masu sayen 911 na farko suka yi ta kukan cewa goshinta ba ya zama, kamfanin ya rasa yadda zai yi cikin gaggawa, sai ya ɗauki guntayen ƙarfen zubi guda biyu, kowanne kilo 11, ya cusa su a cikin kusurwoyin bambar gaba. Daga baya, a 1968, aka ja tayoyin baya baya da milimita 57 domin rage rinjayen injin. Na ajiye mujallar na fita waje. Injiniyoyin Jamus da allunansu da ma'aunansu sun isa inda ma'aikacin dogo na Kafanchan ya isa da misalin jaki da mangala. Ƙarfe biyu a goshi. Har adadin bai bambanta ba. Faɗansa da masu faci ma na tarar da shi a rubuce. Motar Amurka mai suna Corvair, ita ma mai inji a baya, an tsara ta ne a kan a sa wa tayoyin gaba iska awo 15, na baya 26, masu ita kuwa da dama ba su kula ba. Ita ce Ralph Nader ya buɗe littafinsa na 1965 da suka a kanta, ko da yake binciken da hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta fitar a 1972 ya ce ba ta fi takwarorinta na zamanin haɗari ba.

Akwai hanya ta uku, kuma ita ce ta fi burge ni a matsayin tunani, ko da yake ba ta shafi shari'ata ba. Ita ce a sa injin a tsakiya, bayan direba amma gaban tayoyin baya. Mai karatu ya kwatanta yarinya mai tulu a ka da ɗan garuwa mai garwa biyu a bakin sanda. Ko da ruwan da suka ɗauka ɗaya ne, in ka kira su daga baya, yarinyar za ta juyo nan take, shi kuwa sai ya yi da gaske kafin garewanin su fara juyawa, in sun fara kuma sai ya yi da gaske kafin su tsaya. Nauyin da aka tara a cibiya yana da saurin juyi. Wanda aka rataya a baki biyu yana da nawa, kuma yana da taurin kai. Wani ƙaramin kamfanin Ingila mai suna Cooper ne ya tabbatar wa duniya haka, lokacin da Jack Brabham ya lashe gasar Formula One a 1959 da 1960 da ƙaramar mota mai inji a bayan direba, manyan motoci masu dogon hanci suna kallo. Ferrari, wanda ya yi ta jan ƙafa, ya bi sahu a 1961, ya kuma ci gasar a shekarar. Tun daga nan ba a sake komawa ba. A 1966 Lamborghini ya yi amfani da tsarin a motarsa ta titi Miura, har Corvette ta Amurka, bayan fiye da shekara 60 da inji a gaba, ta mayar da shi tsakiya a samfurin 2020. Sai dai saurin juyin nan kaifi biyu gare shi. Motar da ba ta yi maka gardama wajen shiga kwana ba, ba za ta yi maka sallama ba ranar da za ta kufce. Sai dai ka ga kana wulwulawa kamar katantanwa. Ni a ganina, in dai mutum zai tuƙa iyalinsa ne, gara motar da ke gargaɗi kafin ta yi fushi. Amma wannan ra'ayin wanda ya taɓa ganin hanya ta juye masa ne.

Miura ce ma ta tuna mini da wani abu da na manta. Tankin manta a gaba yake, kuma an san ta da cewa in mai ya ragu goshinta kan yi sakayau a babban gudu. Tankin Bitil ma a gaba yake, yana cin lita 40, wato kusan kilo 30 na fetur in ya cika. A ranar nan tamu kusan babu komai a cikinsa. Sai na zauna na yi lissafi kamar mai rabon gado. Yajin aiki ya cire kilo 30 daga goshi. Ni na cire 30. Dankali ya ƙara wajen 50 a kan injin. Mutum biyu suna kujerar baya. Ga ruwa, ga gangara, ga tayoyin da suka sha faci. Na yi shekaru ina juya wannan lissafi, wani lokaci in fita da kaso kaɗan, wani lokaci in ga duk nawa ne. Abin da na kasa kaucewa shi ne farkon al'amarin. Juyawar baya ta biyo bayan ɗaga ƙafa, ɗaga ƙafa ya biyo bayan zamewar goshi, goshin kuwa ya zame ne saboda babu abin da ya danne shi. A cikin duk abubuwan da suka taru a kwanar nan, ruwa na Allah ne, yajin aiki na ƙasa ne, dankali na rashin sani ne. Ɗaya ne kawai aka yi da baro, da tsakar rana, aka kuma cusa tsumma domin a ɓoye.

Karatun ya ba ni amsa, amma bai sauke mini komai ba. Na yi digiri na biyu, na yi na uku, a kan waɗannan littattafan na Kano kuwa, abin da ban taɓa faɗa wa malaman da suka duba ni dalilinsa ba. Ƙanwata ta yi aure, ta haifi 'ya'ya huɗu, takan goya su da taimakon hannun hagu. Duk lokacin da ta miƙo mini kwanon abinci na ga yadda gwiwar hannun ke tsayawa a rabi, sai abincin ya fita raina.

Sai a hutun ƙarshen shekarar 2019 na iya buɗe baki. Baba ya daɗe da yin ritaya, idonsa ya yi rauni, jiragen da ya yi wa bauta kuma sun daina zuwa, tashar ta zama wurin kiwon awaki. Gangar jikin Bitil tana nan a bayan gida a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a inda kujerar baya take. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, hunturu ya sauko, ana jin masu shirin bikin Afan na Kagoro suna gwada ganguna daga nesa. Na fara da zagaye-zagaye irin na malaman jami'a. Na ba shi labarin Porsche da ƙarafanta biyu. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe Turawan ma sun san jaki. Daga nan na ce, "Baba, akwai maganar da na riƙe shekara 25. Ƙarfen nan na goshin mota, ba a kwarin ya ɓace ba. Ni na ɗauke shi tun kafin tafiyar, na sayar."

Bai juyo ba. Ya ɗan jima yana murza carbinsa, sa'an nan ya ce, "Na sani."

Na ce, "Wa ya faɗa maka, Baba?"

"Wa zai faɗa mini? Sitiyari ya faɗa mini. Tun da muka tsallaka dogo a bakin gari na ji shi sakwaf a hannuna kamar faifai. Shekara tara ina riƙe da motar nan, a ce ban san nauyin goshinta ba?"

Na rasa abin cewa. Can na ce, "To me ya sa ba ka tsaya ba?"

"Mun makara, likita ba ya jira. Na ce in mun isa Jos zan nemi dutse in sa. Muka isa, hankalina ya tafi kan yarinyar da kuɗin magani. A dawowa na tuna a Vom, ruwa ya fara, na ce ai na san hanya." Ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa. "Kuma ni na ɗaga ƙafa. Na san ba a ɗagawa. Na sha faɗa wa mutane a tasha cewa kunkuru ba a sakar mata wuta a kwana. Da na ga bakin kwarin, ƙafar ta ɗaga kanta."

Na tambaye shi abin da ya hana shi yi mini magana duk tsawon shekarun nan, ko da duka ne. Ya ce da ya buɗe buhun a gida ya ga tsumma, ya ɗauke shi ya jefa a masai kafin Inna ta gani. "Da uwarka ta ji, da duk ranar da ta dubi hannun yarinyar nan kai za ta gani. Gida ɗaya ba ya ɗaukar wannan. Ni kuwa an riga an ce direba ne ya yi ganganci, to, a bar shi a haka." Ya ce ya zaci zan zo da kaina a shekarar, ko ta gaba. Da ban zo ba, sai ya ɗauka na manta.

Aka kira magariba a masallacin unguwa, daga can cocin da ke bayan layi kuma 'yan mawaƙa suka fara gwajin waƙoƙin sabuwar shekara. Na kama hannunsa na tashe shi, na miƙa masa sandarsa. Mun yi taku kaɗan sai ya tsaya.

"Me ka saya da kuɗin?"

Na ce, "Littattafai, Baba. Guda uku."

"Na makaranta?"

"A'a. Na soyayya."

Ya girgiza kai, ya ci gaba da tafiya yana lalube da sandar. Sai da muka kai bakin masallaci, yana cire takalmi, ya ce in na koma wajen aiki in aiko masa da ɗaya daga ciki, jikarsa ta karanta masa, ya ji abin da aka sayar da ƙarfensa a kai. Biyu sun ɓace tun ina sakandare. Na ukun yana ofishina, a layin ƙasa, tsakanin mujallun. Shi na aika, ta hannun wani direban Kafanchan, kuma ɗiyar ƙanwata ce ta karanta masa shi a dare huɗu. Saƙon da ya dawo mini da shi ta bakinta shi ne, labarin ba laifi, amma yaron cikin littafin ya cika kuka.